Tarihin Hannes Alfvén, masanin kimiyyar filasma

An haifi Hannes Alfvén ne a ranar 30 ga watan Mayun 1908 a garin Norrköping na ƙasar Suwidin.

Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Uppsala a 1934, kuma a 1940 ya zama shehun malami a birnin Stockholm.

Akasarin bincikensa ya shafi filasma ne, wato iskar gas da zafi ya yi wa yawa har ƙwayoyinta suka ɗauki cajin lantarki. Da ita aka yi rana da sauran taurari.

A 1942 Alfvén ya wallafa wata gajeruwar maƙala a mujallar Nature, inda ya nuna cewa layukan maganaɗisun da suka ratsa filasma suna kaɗawa kamar tsirkiyar garaya idan an taɓa ta, kuma kaɗawar tana tafiya a kan layukan.

Masana da dama sun yi watsi da batun, domin a ganinsu irin wannan igiya ba za ta iya ratsa abin da ke ɗaukar lantarki ba.

Sai a 1948, lokacin da Enrico Fermi ya saurari laccarsa a Chicago ya kuma amince da ita, aka fara ɗaukar maganar da muhimmanci.

Daga baya Iroshnikov a 1963 da Kraichnan a 1965 suka nuna cewa idan igiyoyin Alfvén masu tafiya ta fuskoki biyu suka yi karo, sukan yamutsa juna su farfashe zuwa ƙanana. Wannan ne tushen hargitsin filasma, wanda a ƙarshe ke komawa zafi.

Masana na ganin hakan na cikin dalilan da suka sa zafin sararin da ke kewaye da rana ya haura digiri miliyan 1, alhali na fuskarta kimanin 5,500 ne. A 2018 Amurka ta harba kumbon Parker domin bincika lamarin.

Alfvén ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a 1967, sannan ya sami kyautar Nobel a 1970 tare da Louis Néel na Faransa.

Ya yi fice wajen adawa da makaman nukiliya, ya kuma shugabanci ƙungiyar Pugwash daga 1970 zuwa 1975.

Ya mutu a ranar 2 ga watan Afrilun 1995 a Djursholm, yana da shekara 86.