Diori Hamani: Malamin Makaranta Da Ya Yi Wa Ilmi Hanya Tsakanin Ƙasashe

Mu da ke zaune a Minna muna cikin Jihar Neja, maƙwabtanmu na arewa kuwa sunan ƙasarsu Nijar, duka biyu daga kogi ɗaya a ka samo sunan, watau kogin Kwara. Amma kadan ɗalibi ya ɗauko takardar shaidar karatunsa daga can ya kawo ta nan, kogin nan ba shi isa ya yi masa shaida. Sai an tambaya, wa ya kafa makarantar? Da wace doka? Wa ya yarda da ita? Wata rana muna hira a kan wannan a unguwarmu, Barkin Sale, ita ta sa na shiga bin labarin wani malamin makaranta, ɗan'uwanmu a sana'a, wanda ya daɗe da rasuwa. Ga abin da na samo.

An haifi Diori Hamani ran 6 ga watan Yuni, 1916, a Sudure, wani ƙauye kusa da Yamai. Bazabarme ne, ubansa ma'aikacin lafiya ne a ƙarƙashin gwamnatin Faransa. Da ya yi ƙoƙari a makaranta sai a ka aika da shi Senegal, makarantar William Ponty, inda Faransawa su ke horon malamai da akawuna na ƙasashensu na Afirka ta Yamma. A 1936 ya komo gida ya kama koyarwa, har ya yi aiki a Maraɗi. A 1938 a ka kai shi Paris, ya riƙa koya wa Turawan da za su zo mulkin ƙasashenmu Hausa da Zabarmanci. Ku duba fa, 'yan'uwa, harshen nan da waɗansunmu ke raina wa, shi ya kai saurayi ɗan shekara ashirin da biyu birnin Paris. Bayan ya komo ya ci gaba da aikin alli har ya zama hedimasta.

A 1946 shi da waɗansu abokansa, cikinsu har da Boubou Hama, wanda shi ma malami ne, su ka kafa jam'iyyar PPN. A shekarar nan a ka zaɓe shi ya wakilci Nijar a Majalisar Dokoki ta Faransa. Ya faɗi zaɓe a 1951, ya sake ci a 1956. Da a ka zo ƙuri'ar 1958, inda Janar de Gaulle ya ba ƙasashen zaɓi ko su zauna tare da Faransa ko su fita nan take, Diori ya goyi bayan zama, Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba ya nemi fita. Ɓangaren Diori ya yi rinjaye, ya zama shugaban gwamnati a ƙarshen shekarar. Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta, 1960, shi ne kuwa shugabanta na farko.

Ƙasar da ya karɓa ba ta da jami'a ko ɗaya. Duk yaron da ya gama sakandare sai ya ƙetare iyaka, ko Dakar, ko Abijan, ko Faransa. Don haka shugabannin irin waɗannan ƙasashe su ka ga ba makawa sai sun haɗa kai a kan sha'anin ilmi mai zurfi. A watan Janairu, 1968, su ka taru a Yamai ƙarƙashin ƙungiyarsu mai suna OCAM, Diori ne mai masauki, su ka yanke shawarar kafa wata majalisa da a ke kira CAMES. Mazauninta Wagadugu, sakatarenta na farko kuwa masanin tarihin nan Joseph Ki-Zerbo. A 1972, a birnin Lome, ƙasashen su ka sa hannu a kan yarjejeniyar yarda da takardun shaida na juna. Ma'anarta ita ce, kadan an auna digirin wata jami'a an ga ya cika mudu, sauran ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar su karɓe shi kamar nasu. Ƙungiyar OCAM ta watse a 1985, amma CAMES tana nan tana aiki. A zamaninsa kuma a ka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama jami'ar ƙasar.

Sa'an nan ga babbar maganar. Nijar tana cikin ƙasashen da su ka halarci taron Rabat a 1969, inda a ka kafa Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, OIC. A watan Fabrairu, 1974, shugabannin ƙungiyar su ka taru a Lahore ta ƙasar Pakistan, su ka yarda a gina jami'o'i biyu a Afirka: ɗaya a Nijar domin ƙasashen da ke aiki da Faransanci, ɗaya a Yuganda domin masu aiki da Turanci. Ta Nijar a garin Sayi a ka ajiye ta, kudu da Yamai, bakin kogin Kwara, garin da Alfa Mahaman Diobbo ya mayar wurin karatu tun farkon ƙarni na 19.

To, ina bambancin irin wannan jami'a da tamu ta gida? Jami'a irin ta Ahmadu Bello, wadda a ka buɗe a Zariya a 1962, dokar gwamnati ɗaya ce ta haife ta, gwamnati ɗaya ke ciyar da ita. Jami'ar da ƙasashe su ka yi tarayya a kanta kuwa tana zaune ne bisa duwatsun murhu uku. Na farko, shawarar da ƙasashen su ka yanke tare, ita ce asalinta. Na biyu, yardar ƙasar da ta ba ta masauki, gama sai ta ba ta fili, ta kuma san da ita a dokarta, kafin ta iya mallakar dukiya ko ɗaukar ma'aikata. Na uku, yardar kowace ƙasa da takardar da jami'ar ke bayarwa. Na ukun nan ba ya zuwa da kansa don na farko ya samu. Ko da ya ke Nijeriya ta shiga OIC a 1986, ɗan Nijeriya da ya yi karatu a wata ƙasa sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta duba takardarsa kafin ya shiga bautar ƙasa. Dutse ɗaya ya goce, tukunya ta kife, wanda ya yi shekara huɗu yana karatu kuwa shi ne miyarsa ke zubewa.

Diori bai ga ginin da idon mai mulki ba. Ba a yi wata biyu da taron Lahore ba, ran 15 ga Afrilu, 1974, soja ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kountché su ka tumɓuke shi, a daren nan a ka kashe matarsa Aissa. An tsare shi a Damagaram har 1980, daga nan a ka yi masa ɗaurin talala a Yamai. Jami'ar Sayi ba ta buɗe ba sai 1986, shekara goma sha biyu bayan shawarar, ta Yuganda kuwa a garin Mbale a 1988. Bayan rasuwar Kountché a 1987 a ka sake shi, ya tafi Maroko, ya rasu a Rabat ran 23 ga Afrilu, 1989. Filin jirgin saman Yamai sunansa ya ke ɗauke da shi.

Ba daidai ba ne mu faɗi alherin mutum mu ɓoye laifinsa. Gwamnatinsa ta hana jam'iyyar Sawaba a 1959, ta bar ƙasa da jam'iyya ɗaya tak, 'yan adawa su ka sha wuya ƙwarai. A 1965 an jefa masa gurneti a filin Idi, ya tsira. Da babban farin nan ya auka wa ƙasar a farkon shekarun 1970, talakawa su ka yi kukan cewa abincin taimako ba ya isa gare su, wannan yana cikin dalilan da sojan su ka bayar. Amma mu 'yan Nijeriya ba mu manta ba, lokacin yaƙin basasarmu ya tsaya tare da Gwamnatin Tarayya, ko da ya ke Faransa ta karkata wajen Biyafara.

Mu da za mu fita koyarwa, akwai abin ɗauka a nan. Gobe wani almajirinmu zai zo ya ce ya ga tallar wata jami'a mai babban suna a wata ƙasa, ubansa kuma yana shirin sayad da gona don a biya. Kada girman suna ya ruɗe mu. Mu zaunar da shi mu yi masa tambayoyin nan uku: wa ya kafa ta, ƙasar da ta ke ciki ta san da ita, hukumomin ƙasarmu kuma sun yarda da takardarta? Kadan ba a sami amsa ba, gonar ta dakata tukuna. Malam Diori kuwa, Allah ya ji ƙansa.