Nana Asma'u 'Yar Shehu Da 'Yan Taru

An haifi Nana Asma'u, Allah ya jiƙanta, a Ɗegel cikin shekara ta 1793, ita da ɗan tagwayenta Hassan. Mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha wuyar yaƙi tare da jama'a. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta kuwa yi wallafa da Larabci da Fillanci da Hausa.

Amma babban aikinta ga matan ƙauye yake. Da ƙurar jihadi ta lafa, ƙauyuka suka cika da matan da mazansu suka mutu da waɗanda aka kamo a yaƙi, ba mai koya musu ko alwala, sai bori suka sani. Tun da fari Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajirai, su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Asma'u ta ga cewa wannan hakki na matar manomi ne kamar yadda yake na matar waziri.

To, ita ba ta iya zagaya ƙauyuka. Sai ta zaɓi dattijuwa mai amana daga kowane gari, ta naɗa ta jaji. Fatake sun san sunan nan, watau jagoran ayari. Takan ba ta malfa da jan rawani, don kowa ya san da izini take tafe. Jaji ta tara tsofaffin mata da 'yan matan da ba su yi aure ba, su taka a ƙasa har wurin Asma'u, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu. Asma'u ta raba kayan ga mabukata, ta biya musu waƙoƙinta na Hausa da Fillanci har su haddace. Sa'an nan su koma su biya wa matan aure da ba su iya barin ɗakunansu, su koya musu salla da tsarki da wankan gawa da jinyar mara lafiya. Su ake kira 'Yan Taru.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da Shehu a Hubbare, cikin Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi aikin, 'Yan Taru suka riƙa zuwa wurinta a Wurno.