Tarihin J. I. Rodale, Akantan Da Ya Zuba Dukiyarsa Wajen Raya Ƙasar Noma

A ci gaba da kawo wa jama'ar Jihar Kebbi tarihin mutanen da suka bar wa harkar noma abin tunawa, a wannan karo mun tsallaka zuwa ƙasar Amurka domin gabatar da Jerome Irving Rodale, wanda aka fi sani da J. I. Rodale. Shi ne ya kafa gidauniyar da a yau ake kira Cibiyar Rodale, ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba. Aikinta shi ne bincike da koyar da noman da bai dogara da takin zamani ko maganin feshi ba, noman da ke mayar wa ƙasa ƙarfinta maimakon ya tsotse ta. Mun zaɓo shi ne domin abin da ya kwashe shekara 30 yana kira a kai bai yi nisa da abin da iyayenmu suka saba yi a tudu da fadamar Gulbin Rima ba. Haka kuma yadda ya samo kuɗin aikin, da yadda magadansa suka riƙe shi, ya shafi duk wani shugaban ƙungiyar manoma ko jami'in ƙaramar hukuma da ya taɓa ganin shiri ya mutu ranar da tallafi ya yanke.

An haife shi ranar 16 ga Agusta, 1898, a wata unguwar talakawa da ke birnin Niyok. Mahaifinsa Bayahude ne da ya yi ƙaura daga Turai, yana da ɗan kantin sayar da kayan masarufi. Sunan gidansu Cohen, daga baya ne ya sauya shi zuwa Rodale. Bai tashi a gona ba, bai kuma yi karatun noma ba. Aikin akanta ya koya, har ya yi aiki da hukumar tara haraji ta gwamnatin tarayyar Amurka yana binciken littattafan kuɗi. A 1923 shi da ɗan'uwansa Joseph suka buɗe kamfanin ƙera kayan wutar lantarki. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, sai suka kwashe masana'antar a 1930 zuwa wani ƙaramin gari mai suna Emmaus a jihar Fensilbeniya, domin rage kashe kuɗi. A wannan gari ya fara harkar ɗab'i, yana buga ƙananan mujallu waɗanda yawancinsu ba su yi tsawon rai ba.

Tun yana yaro ba shi da cikakkiyar lafiya, abin da ya sa ya zama mai yawan karanta duk abin da ya shafi abinci da jiki. Ta wannan hanya ya ci karo da rubuce-rubucen Sir Albert Howard, wani masanin tsirrai ɗan Ingila da aka tura Indiya a 1905 domin ya koya wa manoman can noman zamani. Howard ya yi sama da shekara 25 a Indiya, kuma ya dawo da ra'ayin cewa ƙananan manoman ƙasar sun fi shi sanin yadda ake riƙe gona. A garin Indore ya tsara hanyar haɗa taki wadda ta ɗauki sunan garin: a tara kara da ganye da ciyawa, a jera su hawa-hawa da kashin dabbobi da toka da ƙasar da ta sha fitsarin shanu, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, cikin kamar wata uku ya ruɓe ya zama baƙin taki mai laushi. Littafinsa An Agricultural Testament ya fito a 1940. Jigon koyarwarsa shi ne duk abin da aka ɗauka daga ƙasa a mayar mata da shi, kuma lafiyar ƙasa da ta shuka da ta dabba da ta mutum duk a ɗaure suke da juna.

A shekarar 1940 ɗin Rodale ya sayi wata gajiyayyar gona mai eka kusan 60 a bayan garin Emmaus, ya tare can da matarsa Anna da 'ya'yansu, ya fara gwada abin da ya karanta. A 1942 ya fito da mujallar Organic Farming and Gardening, da Howard a matsayin ɗaya daga cikin editocinta daga Ingila.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo. Manoman da ya yi wa mujallar ba su karɓe ta ba. Ya aika da dubban takardun talla, waɗanda suka amsa ba su taka kara sun karya ba. Sai ya juya akalarta zuwa ga masu ƙananan lambuna a bayan gida, amma duk da haka ta yi shekaru masu yawa tana cin kuɗi ba ta kawo ba. Ribar kamfanin kayan lantarki ce ta riƙa cike giɓin. A ganinmu wannan shi ne babban abin lura a rayuwar mutumin. Akanta ne, ya san ma'anar asara sarai, amma ya san kuma irin aikin da ya ɗauko ba ya nuna amfaninsa a damina ɗaya ko biyu. Saboda haka ya jingina shi da sana'ar da ke kawo kuɗi a kai a kai, bai jingina shi da alƙawarin kowa ba.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an karkatar da sinadarin naitirojin, wanda ake yin takin zamani da shi, zuwa ƙera makamai. Ƙarancin takin ya tona yadda gonaki da yawa suka rame a ɓoye. Rodale ya wallafa littafinsa Pay Dirt a 1945 a kan haɗa taki, sannan a 1947 ya kafa gidauniyar ƙasa da lafiya, wato Soil and Health Foundation. Manufarta ita ce a tara gudummawa daga masu karanta mujallarsa da sauran jama'a, a kashe ta a kan binciken kimiyya, domin ya gane cewa shaidar masu lambu kaɗai ba za ta gamsar da jami'o'i da ma'aikatar gona ba. Ta haka ya raba aikin gida biyu, kamfani mai neman riba a gefe guda, gidauniya mai bincike a ɗaya gefen. A 1950 ya ƙara da mujallar Prevention a kan kiwon lafiya, wadda ta yi farin jini ƙwarai, ta kuma ƙarfafa kamfanin ɗab'in.

Manomin Argungu ko Augie ko Kalgo da ya ji wannan labari zai iya cewa to mene ne sabo a ciki. Yana da gaskiya. Kakanninmu sun san a gayyato Bafulatani ya sauka da garkensa a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar kashi. Sun san a kwashe jujin gida da rani a ɗora wa jaki a mangala zuwa gona. Sun san a haɗa gero da wake a kunya ɗaya, kuma ba sa sare gawo, domin yana zubar da ganyensa da damina, hatsin da ke ƙarƙashinsa kuma ya fi na sarari kyau. A fadama kuwa ambaliyar gulbi ce ke kawo sabuwar laka kowace shekara. Abin da Rodale ya ƙara shi ne rubutawa da aunawa da nemo wanda zai biya kuɗin aunawar. Mu kuma abin da ya canja a wajenmu shi ne gonar da a da ake barinta ta huta yanzu ana noma ta damina da rani, musamman tun da noman shinkafa ya bunƙasa bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Karan da ya kamata ya koma ƙasa ana ƙone shi ko a kwashe, jujin unguwanni irin su Badariya ya cika da leda, sauka da garke a gona kuma ta ragu saboda rashin jituwa tsakanin manoma da makiyaya. Buhun taki da man injin ban ruwa su ne suka zama rabin lissafin manomi.

Ba mu ce duk abin da Rodale ya faɗa daidai ba ne. Masanan noma na zamaninsa sun yi masa ba'a, kuma a wasu wuraren suna da hujja. Ya yi iƙirari masu yawa a kan abinci da magani waɗanda ba su da tushe a kimiyya, har hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta tuhumi kamfaninsa a shekarun 1960 a kan tallan wani littafin lafiya, shari'ar da ta ɗauki shekaru kafin a yi watsi da ita. Bai kamata mai karatu ya ɗauki ra'ayinsa a kan cuta a madadin zuwa asibiti ba. Amma a kan ƙasar noma, lokaci ya nuna cewa akwai ƙamshin gaskiya mai ƙarfi a maganarsa.

Ya mutu a watan Yuni na 1971 yana da shekara 72, a daidai lokacin da ya fara samun karɓuwa a faɗin Amurka. Ana cikin ɗaukar wani shirin talabijin na Dick Cavett a Niyok ne zuciyarsa ta tsaya, jim kaɗan bayan ya gama bayyana cewa yana sa ran kai wa shekara 100. Ba a taɓa nuna shirin ba. Masu adawa da shi sun daɗe suna yi masa dariya da wannan, mu kuwa mun san kwana idan ya ƙare babu abincin da ke ƙara shi.

Ɗansa Robert, wanda aka haifa a 1930, shi ya gaji aikin. Ba da daɗewa ba ya sayi gona mai eka 333 kusa da garin Kutztown, inda hedikwatar cibiyar take har yau. Robert ne ya yaɗa ra'ayin noma mai raya ƙasa, domin a wajensa bai isa a ce an daina zuba sinadari ba, sai gona ta riƙa ƙara kyau shekara bayan shekara. A 1981 ya fara gwajin da ya fi komai ɗaukaka sunan cibiyar. An raba fili, ana noma masara da waken soya ta hanya uku a jere da juna: wani kashi da takin zamani da maganin feshi, wani da kashin dabbobi da sauya shuka, wani kuma da dangin wake kaɗai da ake shukawa domin su rufe ƙasa su ciyar da ita. Gwajin ya haura shekara 40 yana gudana.

Sakamakon da cibiyar ta bayar ya cancanci manomi ya ji shi dalla-dalla. A shekarun farko bayan an daina takin zamani amfanin gona ya ragu, sai bayan 'yan shekaru ya farfaɗo ya yi kafaɗa da kafaɗa da na ɗaya ɓangaren. A rahotonta na cikar gwajin shekara 30, cibiyar ta ce a shekarun fari masarar da aka noma da takin gargajiya ta fi ɗayar da kimanin kashi 31 cikin 100, saboda ƙasar da ta ƙoshi da ruɓaɓɓen taki ta fi riƙe ruwa. Sai dai wannan gwajin wuri ɗaya ne mai sanyi da wadatar ruwa. Wasu manyan nazarce-nazarce da suka tattara gwaje-gwaje daga ƙasashe da dama sun nuna cewa a jimlace noman da ba a sa sinadari yakan gaza na zamani da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Don haka ba mu ga hikimar a ce wa mai noman shinkafar rani ya watsar da buhun taki dare ɗaya ba. Abin da malaman gona suka daɗe suna faɗa shi ne a haɗa biyun, domin takin zamani ya fi aiki a ƙasar da ke da takin gargajiya.

Cibiyar ta taɓa kusantar mu. A ƙarshen shekarun 1980 ta buɗe reshe a garin Thiès na ƙasar Sanagal, inda ta yi aiki da manoman gero da gyaɗa a kan haɗa taki da turke dabbobi a gida domin tara kashinsu. A daidai wannan zamani ne kuma, ba tare da hannun Rodale ba, manoman Maraɗi suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara shi maimakon a tumɓuke, hanyar da ta mayar da itatuwa a miliyoyin hekta na Jamhuriyar Nijar da kuɗi ƙalilan. Robert ya mutu a haɗarin mota a birnin Mosko ranar 20 ga Satumba, 1990, inda ya je shirya buga mujallar noma da harshen Rashanci. A wannan shekara ce majalisar Amurka ta zartar da dokar da ta tsara ƙa'idojin abincin da aka noma ba da sinadari ba.

Game da kuɗin cibiyar a yau, ba aljihun iyali ɗaya ke ɗauke da ita ba. Tana samun gudummawa daga ɗaiɗaikun mutane da gidauniyoyi da kamfanoni, da tallafin bincike daga gwamnati, da abin da take samu daga horarwa da ba manoma shawara. Dokar Amurka ta yafe wa irin waɗannan ƙungiyoyi haraji, amma ta wajabta musu miƙa bayanin shige da ficen kuɗinsu kowace shekara ga hukumar haraji, wato hukumar da Rodale ya yi wa aiki yana matashi. Kowa na iya duba wannan bayani, har da albashin manyan ma'aikata. Muna ganin ƙungiyoyin manomanmu na fadama, da jami'an da ke yi musu rajista, za su amfana idan suka saba karanta lissafin shekara a gaban mambobi ko da doka ba ta tilasta ba.

Rabon da Rodale ya yi a 1947 ya nuna amfaninsa bayan shekara 70. A farkon 2018 aka kammala sayar da kamfanin ɗab'in iyalin ga kamfanin Hearst, mujallun suka koma wasu hannaye, amma cinikin bai haɗa da cibiyar ba. A wannan tsakani ta haɗa gwiwa da kamfanonin Patagonia da Dr. Bronner's wajen fito da takardar shaida ta noma mai raya ƙasa, wadda ke duba lafiyar ƙasa da kula da dabbobi da haƙƙin ma'aikatan gona kafin a ba manomi ita. Ta kuma buɗe rassan bincike a jihohin Iowa da Jojiya da Kalifoniya. Gonar farko ta Emmaus kuwa, tun 1999 gwamnatin Amurka ta sanya ta cikin jerin wuraren tarihi na ƙasar.