MARIGAYIYA DOKTA LADI KWALI: MAGINIYAR DA JAMI'A TA KARRAMA

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, a wannan fitowa ina so in kawo muku tarihin wata baiwar Allah wadda kowannenmu ya sha riƙe hotonta a hannu, domin kuwa tun 2007 aka sa ta a bayan takardar naira 20, tana zaune tana ginin tukunya. Na zaɓe ta ne saboda mu da muka yi boko mukan ɗauka cewa sai mai takardar shaida ne yake bincike.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. A can ginin tukwane sana'ar mata ce, ita ma tun tana ƙarama ta koya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Da hannu ake ginin. Maginiya za ta murza yumɓu kamar igiya, ta riƙa ɗorawa tana zagaya tukunyar har ta tashi, sannan ta zana mata ado kafin ta bushe, a gasa ta a fili da busasshiyar ciyawa. Adon Ladi kuwa kunama ce, da ƙadangare, da hawainiya, da kada, da kifi, da maciji.

Wanda ya fara gane darajar aikinta cikin manya shi ne Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, wanda ya tara tukwanenta a fadarsa. Abujar da nake nufi ita ce Suleja ta yau. A fadar ne wani Bature maginin tukwane daga Ingila, Michael Cardew, ya gan su a 1950, lokacin da yake zagaya Arewa yana nazarin yumɓu da ginin gargajiya. Daga baya ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, kuma a 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko.

A nan ne nake ganin ta cancanci a kira ta mai bincike. Ta koyi aiki da keken juya yumɓu, tana yin kwanuka da farantai da kofuna, amma ba ta yar da ginin hannu ba. Sai ta ɗauko randar Gwari ta gwada gina ta da sabon yumɓun cibiyar, wanda ake gasawa a tanderu da zafin da ya haura digiri 1,200. Takan tsaga zanenta a jikin randar, a cike tsagar da farar ƙasa, a shafe ta da ruwan gilas mai ƙyalli, ta yadda zanen zai fito ta ƙarƙashinsa. Wannan aiki sai da gwaji da haƙuri, domin wuta mai irin wannan zafi ba ta yafe wa maginiya ko ƙaramin kuskure.

Sai dai kowane ci gaba da abin da yake ci. Randar gargajiya tana tsattsafo, shi ya sa take sanyaya ruwa. Wadda aka shafe da gilas kuwa ta toshe, ga nauyi, ga tsada. Saboda haka randunan Ladi suka tashi daga kayan amfanin gida suka koma kayan kallo.

An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, a 1972 kuma ta zagaya Amurka tare da Cardew. Har ila yau ta buɗe wa mata hanya, domin wasu maginan sun biyo ta cibiyar, suna aiki a sashen da ake kira Ɗakin Gwari. An ba ta lambar MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dokta na girmamawa a 1977, gwamnatin Nijeriya kuma ta ba ta lambar girma ta NNOM a 1980 da OON a 1981. Allah Ya yi mata rasuwa a Minna ran 12 ga Agusta, 1984.

Zamanin da muke makaranta, da yawanmu mun ɗauki darasin zane da aikin hannu a matsayin lokacin hutu. Ina roƙon ƙungiyarmu, duk lokacin da za mu tara gudummawa domin ɗakin kimiyya, mu tuna da ɗakin zane-zane, mu kuma gayyato maginan garinmu su koya wa ƙannenmu. Mai yiwuwa akwai wata Ladi a cikin aji, tana jiran wanda zai gane ta kamar yadda Sarki Barau ya yi.

Allah Ya jiƙanta, amin.