John McEwen Dalziel

John McEwen Dalziel (1872–1948) likita ne ɗan Birtaniya kuma masanin tsirrai. An haife shi a Nagpur ta ƙasar Indiya, ya yi karatun likitanci a Edinburgh. A 1905 ya kama aiki a Afirka ta Yamma. Ya riƙa tattara tsirrai a Katagum, Sakkwato da Yola, yana rubuta sunayensu da amfaninsu daga bakin mutanen gari. A 1916 aka buga ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa, wanda masu bincike ke dubawa har yau. Bishiyar hano, wadda ake kafa shinge da ita, da sunansa masana kimiyya ke kiran ta: Boswellia dalzielii. Ya rasu a Landan.