Nana Asma'u, Wadda Ta Mai Da Waƙa Makaranta

A wannan mako zan ba ku labarin wata baiwar Allah wadda ba baƙuwa ba ce gare mu mutanen Tambuwal da Kebbe, domin ɗan'uwanta Muhammadu Buhari shi ne ya zauna ribaɗin Tambuwal. Ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haife ta a Degel cikin 1793, tagwaye ne ita da Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta taso cikin yaƙi da yunwa da yawan ƙaura, amma duk wannan bai sa ta ajiye allo ba. Ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta haihu, ta yi reno, ta riƙe babban gida, kuma alƙalami bai bar hannunta ba.

To, ga abin da ya ɗaukaka ta. Ƙauyuka a lokacin cike suke da matan da ba su san ko bihim ba, da yawansu bori suka gada. Ba shi yiwuwa su bar mazansu da 'ya'yansu su tare a Sakkwato neman ilmi. Ba rediyo, ba mota, ba injin buga littafi. Yaya za a yi?

Ku kanku kun sani, mace takan manta da wa'azin jiya, amma ba ta manta da waƙar niƙan da ta ji a bakin kakarta. Mu malamai haka muke gani a aji: abin da aka rera wa yara shi ke zama. Da wannan dabara Nana ta yi aiki, ta zuba ilmi cikin waƙa. Ta jera sunayen surorin Alƙur'ani a waƙar Sunago. Ta ba da tarihin Shehu da jama'arsa a Waƙar Gewaye. Ta yi gargaɗi a Godaben Gaskiya. Wasu waƙoƙin da aka yi da Fulatanci kuwa ta mai da su Hausa, don kowace mace ta ji da kunnenta.

Saura mai kaiwa. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana, ta naɗa wa kowace malfa da jan rawani, ana kiranta jaji. Jaji takan jagoranci tsofaffi da ƙananan 'yan mata, su tako a ƙasa har wurin Nana, su haddace waƙoƙin, kana su koma su rera wa matan aure a cikin ɗakunansu. Su ne 'yan taru. Watau makaranta ce mai ƙafa, wadda ke bin ɗaliba har bakin murhu.

Allah ya yi mata rasuwa a 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Aikin bai mutu ba, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi. A 1997 aka tattara rubuce-rubucenta aka buga a littafi guda, har ma da fassarar Turanci. Makarantun mata da yawa sun ci sunanta, kuma har a Amurka an sami mata Musulmi masu kiran kansu 'yan taru.

Yanzu fa, 'yar'uwa, ga rediyo a ɗaka, ga waya a hannu. Saƙon da jaji ke kwana a hanya kafin ta kawo, yau kafin ki sauke tukunya ya iso. Me muke saurare da su? In ke matar aure ce, kada ki ce lokaci ya wuce, nemi ajin manya ko Islamiyya mafi kusa. In kina da 'ya a makaranta, kada ki cire ta don talla, ki kuma lallashi maigida ya bar ta ta gama. Ke kuma 'yar makaranta, abin da kika koya yau, karanta wa innarki da dare. Kin zama jajin gidanku ke nan.

Allah ya jiƙan Nana, ya ba mu albarkacinta. Sai mako mai zuwa.