Inge Edler da Na'urar Duba Ƙarfe

An haifi Inge Edler a Suwidin a 1911. Likitan zuciya ne a asibitin Lund, kuma damuwarsa ɗaya: a san halin zuciya kafin a yi tiyata. A 1953, shi da masanin fiziks Hellmuth Hertz suka aro na'urar da maƙera jiragen ruwa ke gano tsagewar ƙarfe da ita, suka ɗora a ƙirji. Sautin da ya dawo ya nuna bangon zuciya yana motsi.

Mafarin hoton eko kenan, mai nuna ƙarfin da ɗakin hagu na ƙasan zuciya ke harba jini. Da shi ake gano raunin zuciyar masu jego, ciwon da ya yawaita a ƙasar Hausa.

Ya rasu a 2001. 'Yan injiniya, ku daina raina kayan wokshop!